Ma'anar Ebenezer: Dutsen Taimako

Sau da yawa za ka ga sunan Ebenezer a jikin majami'a ko shago, wasu iyaye ma suna raɗa wa ɗansu shi. Kalmar Ibrananci ce mai gaɓa biyu: "eben" dutse ke nan, "ezer" kuma taimako. Wato dutsen taimako.

Asalinta yana cikin Littafi Mai Tsarki, a 1 Sama'ila sura 7. Isra'ilawa sun taru a Mizfa, suka yi azumi, suka furta cewa sun yi wa Ubangiji zunubi. Suna cikin haka sai ga sarakunan Filistiyawa sun taso musu da yaƙi. Tsoro ya kama su, abin da kawai suka iya shi ne roƙon annabi Sama'ila kada ya daina yi wa Allah kuka dominsu. Sama'ila ya miƙa ɗan rago mai shan nono hadaya ta ƙonawa. Hadayar ba ta ƙare ba Ubangiji ya saki tsawa mai tsanani a kan Filistiyawa, suka ruɗe, aka fatattake su har kusa da Bet-kar. Sai Sama'ila ya kafa dutse tsakanin Mizfa da Shen, ya sa masa suna Ebenezer, ya ce har zuwa nan Ubangiji ya taimake su.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa yana sura ta 4. A wani wuri mai wannan suna ne Isra'ilawa suka kafa sansani tun da farko, kuma a wannan yaƙi suka sha kashi. Da aka kashe musu mutum wajen 4,000, sai suka ɗauko akwatin alkawari, wato akwati mai tsarki da ke nuna kasancewar Allah tare da su, suka kai fagen fama, suna zaton dole Allah ya ba su nasara. Aka kashe sojoji 30,000, aka ƙwace akwatin, 'ya'yan Eli firist su biyu, Hofni da Finehas, suka mutu.

Daga nan ne masu fassarar Littafi Mai Tsarki suke jawo darasi game da yadda Allah yake sa hannu sa'ad da ƙarfin mutum ya ƙare. A karon farko mutanen sun mai da akwatin kamar laya. A karo na biyu, bayan Filistiyawa sun mayar da akwatin har ya yi shekara 20 a garin Kiriyat-yeyarim, sun zubar da gumakan Ba'al da Ashtarot, suka zo da tuba da kuka kawai. A wannan ranar ce tsawar ta sauko.