Waiwaye: Masu shigar mata a Amurka, daga dandali zuwa siyasa

A 2023 jihar Tennessee ta kafa dokar taƙaita wasannin da maza ke shigar mata su hau dandali, abin da Amurkawa ke kira drag. Rigimar ta daɗe. Tun a 1888 'yan sanda suka kama William Dorsey Swann, wanda aka haifa cikin bauta, a wurin wani bikin rawa da ya shirya a Washington. Da aka ɗaure shi a 1896, ya nemi afuwar Shugaba Grover Cleveland, aka hana shi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara shigar da wasan cikin siyasa a fili shi ne José Sarria, mawaƙi a mashayar Black Cat da ke San Francisco. A lokacin, 'yan sanda na kama masu shigar mata bisa zargin yaudarar jama'a, sai ya riƙa raba musu 'yan takardu su maƙala a ƙirji, ɗauke da rubutun "Ni namiji ne". Ina yaudara ke nan? A 1961 ya tsaya takarar majalisar birni, ya samu ƙuri'u kusan 6,000. Bai ci ba, amma 'yan siyasa sun ga akwai ƙuri'a a wurin.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun gida. Da yawa daga cikin yaran da ke shiga harkar a New York iyayensu ne suka kore su, suna kwana a titi. Bayan tarzomar Stonewall ta 1969, wadda ta ɓarke lokacin da 'yan sanda suka kai samame mashayar Stonewall a birnin, masu shigar mata biyu, Marsha P. Johnson da Sylvia Rivera, sun kafa ƙungiyar STAR a 1970 don taimaka wa irin yaran nan. Da farko a bayan wata babbar mota suke kwantar da yaran, daga baya suka kama wani ruɓaɓɓen gini, har aka tashe su a 1971 saboda kuɗin haya.

A unguwar Harlem ta New York kuwa, Crystal LaBeija, da wariyar launin fata a gasannin masu shigar mata na fararen fata ta ishe ta, ta kafa nata gidan. Daga nan tsarin ya bazu: kowane gida da uwa, 'ya'ya suna ɗaukar sunan gidan, uwa na ciyarwa, tana tsawatarwa, tana koyar da ɗinki da tafiyar dandali. Da cutar ƙanjamau ta ɓarke bayan 1981, gidajen nan ne suka yi jinyar marasa lafiya da yawa da danginsu suka guje su, kuma da kuɗin wasanni aka binne wasu.