Daga floppy zuwa filash: waiwaye kan abin da ake saka wa kwamfuta Windows da shi

Yanzu in aka ce za a yi wa kwamfuta fomatin kowa filash yake lalube, amma fa abin nan bai daɗe ba. Lokacin da Windows 95 ta fito a 1995, wanda kwamfutarsa ba ta da wurin CD sai dai ya sayi ta floppy, faifai 13 cur, kana zaune tana ce maka cire na uku saka na huɗu, kuma in ɗaya ya lalace a tsakiya shikenan aiki ya tsaya. Floppy na yau da kullum 1.44MB kawai yake ɗauka, hoto ɗaya na wayar yanzu ma ya fi ƙarfinsa.

CD ne ya kawo sauƙi, tunda yana cin har 700MB. Windows XP ta 2001 a faifai ɗaya ta zo, duk da haka floppy bai mutu nan take ba, tsofaffin injiniyoyi za su tuna danna F6 ɗin nan don a loda direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane hard disk nau'in SATA, wanda XP ba ta yarda ta karɓa sai daga floppy. Da Vista ta shigo kasuwa a 2007 ta yi wa CD girma sai aka koma DVD mai 4.7GB.

Ni abin da ya fi taɓa min zuciya a zamanin faifai shi ne ShipIt. Kamfanin Canonical ya riƙa aika CD ɗin Ubuntu, wani nau'in Linux da ake sakawa a madadin Windows, kyauta ta gidan waya zuwa duk ƙasar da mutum yake, ko kuɗin aike ba ka biya, daga 2004 har aka rufe shirin a 2011. A lokacin da intanet sai a kafe kuma da tsada ga rashin gudu, ta wannan hanyar ce ɗalibai da yawa a Afirka suka fara ganin Linux da idonsu, kuma faifai ɗaya sai ya zaga hannu da yawa. Amma dai faifai akwai wahala gaskiya, ya karce, ƙura ta shiga idon na'urar, a kai rabi ta ce ta kasa kwafo wani fayil.

Abin da ya kashe shi kuwa su kwamfutocin ne da kansu. Asus Eee PC ta 2007 da MacBook Air ta 2008 sun zo babu wurin faifai kwata-kwata, dole aka koma filash. Microsoft ta fitar da manhajar kwafe Windows 7 a filash a 2009, Rufus mai irin wannan aikin ya biyo a 2011, Windows 10 kuma a 2015 a filash aka sayar da ita a kwali. Sai Ventoy a 2020, wanda za ka zuba ISO (kwafin faifai sukutum a fayil ɗaya) kala-kala a filash ɗaya ka zaɓi wanda kake so, mai gyara kam ya huta.

To amma kowane zamani da nasa ciwon kan. Sababbin kwamfutoci masu UEFI, wato manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows ta hau, sun fi son filash mai tsarin ajiyar fayil na FAT32, shi kuma FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura 4GB, ga fayil ɗin install.wim na Windows ya wuce hakan, shi ya sa za ka ga filash lafiyarsa lau amma ya ƙi tashi, ko kuma wajen rubuta filash ɗin an zaɓi tsohon tsarin MBR inda ya kamata a zaɓi sabon tsarin GPT. Ga jabun filash da aka rubuta 64GB a jiki alhali cikinsa bai kai ba, zai nuna ya kwafe amma fayilolin sun lalace.

Inda na fi damuwa shi ne asalin ISO ɗin. Da can faifan kamfani kana gani ka san daga ina ya fito, yanzu saboda tsadar data sai mutum ya karɓi kwafi daga wajen aboki, shi ma a wajen wani ya karɓa, an cire wannan an cusa wancan babu wanda ya san me ke ciki, kuma a kan wannan kwamfutar za a buɗe asusun banki. Filash mai 8GB na gaske ya isa Windows 11, a sauke ta daga shafin Microsoft ko da sau ɗaya ne cikin dare lokacin da data ke araha, na Linux kuma a gwada lambar SHA256 ta fayil ɗin, wadda ke nuna ko an taɓa shi, da ta shafinsu kafin a rubuta shi a filash.