Naitirik oksaid da maiƙon tantani a jijiyoyin jini

Naitirik oksaid wata iska ce da shimfiɗar cikin jijiyoyin jini, wato endoteliyom, ke ƙerawa don sassauta naman da ke kewaye da jijiya. Naman na saki, sai jijiya ta buɗe, jini ya wuce cikin sauƙi. 'Yan daƙiƙu kawai take yi ta lalace, shi ya sa wurin da ake ƙera ta ya zama abin lura ƙwarai.

Tarihi

A 1977 Ferid Murad ya nuna cewa naitirogilisarin, maganin ciwon ƙirji tun ƙarni na 19, yana aiki ne ta hanyar wannan iska. A 1980 Robert Furchgott da John Zawadzki a New York suka lura da wani abu a babbar jijiyar zomo: muddin shimfiɗar cikinta na nan lafiya, sinadarin asetilkolin yana sassauta ta, amma da an goge shimfiɗar, ko da bisa kuskure wajen shirya naman, sai ta ƙi saki. Ashe shimfiɗar ce ke aika saƙo. Wajajen 1986 zuwa 1987 Furchgott da Louis Ignarro da tawagar Salvador Moncada a Ingila suka gano cewa saƙon naitirik oksaid ne. An ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. Rashin haɗa Moncada a kyautar ya jawo ce-ce-ku-ce.

Mazaunin enzayim

Enzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki) da ke ƙera naitirik oksaid a wannan shimfiɗa, wato eNOS, yana sarrafa sinadarin arjinin da oksijin. Ba ya yawo sakaka cikin ƙwayar halitta. Jelolin maiƙo iri biyu, miristet da falmitet, suke kafa shi a jikin tantaninta, cikin wasu ƙananan ramuka masu faɗin nanomita 50 zuwa 100, cike da kolestarol, waɗanda George Palade ya fara bayyanawa a 1953. A ramin akwai furotin kabiyolin-1 da ke riƙe eNOS kamar takunkumi. Idan kalsiyam ya ƙaru, furotin kalmodulin ya ture takunkumin, aiki ya kankama. Gogar jini a bangon jijiya ma tana tayar da eNOS.

Nan ne maiƙo ke taka rawa. LDL, wanda ake kira mugun kolestarol, idan ya gurɓata yana kwashe kolestarol ɗin ramukan, eNOS ya bar mazauninsa, amfaninsa ya ragu. HDL kuwa, wanda ake kira kolestarol mai kyau, yana kare ramukan, har ya zaburar da enzayim ɗin.

Masu rage ta

Wani enzayim mai suna arjines yana cinye arjinin, wanda eNOS ke buƙata. Idan BH4, sinadarin da ke taimaka wa eNOS, ya yi ƙaranci, eNOS kansa yakan koma fitar da sufa-oksaid, wani nau'in oksijin mai lahani, wanda ke haɗiye naitirik oksaid nan take. A naman jijiya kuma iskar tana sa a samar da cGMP, sinadarin da ke sa naman ya saki, amma enzayim PDE5 yana rushe shi. PDE5 ɗin ne maganin sildenafil (Viagra) ke toshewa.

Cutar sikila

Ga masu amosanin jini, wanda ya yawaita a ƙasar Hausa, fashewar jajayen ƙwayoyin jini tana zubo haimogilobin da arjines cikin ruwan jini, su rage naitirik oksaid. Ana danganta wannan da hawan jinin huhu da gyambon ƙafa, ko da yake masana sun saɓa kan girman tasirinsa.