Auna dansitin sinadarai domin kauce wa haɗari

Dansiti shine nauyin abu idan aka raba shi da girman wurin da ya cika, wato lita ɗaya ta wannan abin nawa za ta yi a sikeli. Lita ɗaya ta ruwa zalla kusan kilo ɗaya ce, ta fetur tana tsakanin giram 720 zuwa 775, ta zaiba kuwa kilo 13.6 ce. Yawanci ana kwatanta sinadari mai ruwa-ruwa ko daskararre da ruwa, a ba ruwa lamba 1, shi kuma hayaƙi ko gas a kwatanta shi da iskar da muke shaƙa. Wannan lambar tana cikin sashe na 9 na takardar bayanin kariya da ake haɗawa da kowane sinadari mai haɗari, bisa tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara wallafawa a 2003, kuma da ita ake gane ko abu in ya zube zai yi iyo ne ko zai nutse, in ya tsere daga tukunya sama zai yi ko ƙasa zai kwanta.

Tarihi

Labarin da aka fi sani shine na Arkimidis mutumin Sirakus, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda aka ce sarki Hiyero ya ba shi kambin zinariya ya duba ko maƙeri ya cuɗa da azurfa. Dabarar dai ita ce zinariya ta kusa ninka azurfa a nauyi, 19.3 da 10.5, saboda haka kambin da aka yi wa ha'inci zai ture ruwa fiye da zinariya zalla mai nauyi ɗaya da shi. Sai dai bayan wajen shekara 200 aka rubuta labarin, kuma masana da dama na shakkar ko haka abin ya faru. Akwai kuma wata wasiƙa da Sinesiyus ya rubuta wa malamarsa Haifatiya a Iskandariyya wajejen shekara ta 400, yana roƙon a ƙera masa wani bututu mai zane-zane da ake tsomawa a ruwa, galibi ana ɗaukar wannan a matsayin bayani mafi daɗewa kan haidromita.

Inda aikin ya zauna da gindinsa sosai shine hannun malaman ƙasashen Musulmi, kuma abin takaici ne yadda littattafan makaranta ke wuce su da layi ɗaya. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973 ya rasu wajejen 1050, ya ƙera wata 'yar butar awo mai faɗin gindi da siririn wuya da ɗan hanci a gefe, sai ya cika ta da ruwa ya jefa ƙarfe ko dutse mai daraja da ya riga ya auna, ruwan da ya fita ta hancin ya tare shi ya auna, da haka ya fitar da lambobin zinariya da zaiba da dalma da tagulla da yaƙutu waɗanda ba su da nisa da na yau. Bayansa Al-Khazini a birnin Marwa, cikin Turkmenistan ta yanzu, ya kammala Mizan al-Hikma a 1121 ko 1122, inda ya yi bayanin wani ma'auni mai faranti biyar na gane gami a ƙarfe da jabun duwatsu, har ya lura cewa zafi da sanyi suna canza nauyin ruwan da ake awon da shi.

A Turai, wani mai haɗa magunguna ɗan Faransa, Antoine Baumé, ya fitar da ma'auninsa a 1768, masana'antar mai ta Amurka kuma ta tsayar da nata na API (taƙaitaccen sunan cibiyar man fetur ta Amurka) a 1921, wanda har yau da shi ake cewa ɗanyen mai kaza mai nauyi ne ko marar nauyi.

Yadda ake awo

Haidromita kwalba ce siririya mai nauyi a gindi, a tsoma ta a cikin ruwan a karanta lambar da ta tsaya daidai saman ruwan. Piknomita 'yar kwalba ce da aka san cikinta daidai, a auna ta fanko, a auna ta cike. Na zamani kuma, wanda kamfanin Anton Paar na Ostiriya ya fara fitarwa a 1967, bututu ne lanƙwasasshe da ake sa shi karkarwa, saurin karkarwar ne ke nuna dansiti. Dole a rubuta zafin da aka yi awon, na mai ana mayar da lissafinsa zuwa digiri 15, sauran sinadarai galibi digiri 20, don fetur yana kumbura da kusan lita ɗaya cikin dubu a kowane digiri.

Amfani wajen kariya

Fetur da kananzir da dizal duk sun fi ruwa rashin nauyi, shi ya sa 'yan kwana-kwana ke kashe gobarar mai da kumfa, in aka watsa ruwa man sai ya hau kansa ya bi shi da wutar. Wasu sinadaran wankin ƙarfe kuma sun fi ruwa nauyi, in suka shiga ƙasa sai su nutse can ƙarƙashin ruwan rijiya su daɗe shekaru.

Ta ɓangaren iska abin ya fi tsoratarwa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, furofen sau 1.5, butan kamar sau 2, saboda haka in silinda tana yoyo gas ɗin ƙasa yake kwanciya ya bi kwata da ƙarƙashin ƙofa, buɗe taga ta sama kawai ba ta isa ba. Haka ma iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, mai nauyin sau 1.5 ke taruwa a gindin tsohuwar rijiya ko ramin masai ta kashe wanda ya shiga da wanda ya bi shi ceto. Ranar 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos a Kamaru ya amayar da wannan iskar, ta gangaro cikin kwari ta hallaka mutum sama da 1,700 da dabbobi dubbai.

Masu gyaran batir ma haidromita suke riƙewa, ruwan batir mai cikakken caji yana nuna wajen 1.27, wanda ya sauka kuma kusan 1.12.

Inda awon ya gaza

Dansiti gwaji ne mai arha kuma da shi ake fara duba mai a daffo, amma fa bai isa a dogara da shi kaɗai ba. In aka zuba fetur kaɗan a cikin kananzir lambar ba ta wani motsawa sosai, alhali zafin da tururinsa ke kama wuta ya faɗo ƙasa warwas, don na kananzir mai kyau daga digiri 38 yake zuwa sama, na fetur kuwa ƙasa da sifili da kusan digiri 40. Irin wannan gurɓataccen kananzir ne ke fashewa a risho da fitila, kuma gwajin kama wuta ne ke tona shi. Haka metanol mai makantarwa da kisa yana 0.792, etanol, wato sinadarin da ke cikin giya, 0.789, haidromita ba za ta raba su ba. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol Najeriya daga Antwerp ta Beljiyam, hukumomi suka ce gwajin da aka saba yi bai ƙunshi neman metanol ba, batun wa ke da laifi kuma an yi ta ja-in-ja a kansa.