Harhaɗa kwamfutar tebur

Harhaɗa kwamfutar tebur shi ne mutum ya sayi kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura su cikin akwati da kansa ko ya ba mai gyara ya ɗaura masa, maimakon ya sayi wadda kamfani ya gama ya rufe. A Yamai masu sana'ar na kiran akwatin "inite santiral", kuma yawancin sunayen kayan daga Faransanci aka aro su, saɓanin Kano inda na Ingilishi suka fi yawa.

Asali

Abin ya samo tushe daga kwamfutar IBM PC ta 1981, wadda aka haɗa da kayan kamfanoni dabam-dabam: ƙwaƙwalwar Intel, manhajar Microsoft. Da wasu suka kwaikwaye ta, sai kasuwar kayan haɗi ta buɗe. A 1995 Intel ya fitar da ma'aunin ATX, wanda ya tsayar da girman babban allo (wanda ake jona sauran kayan a kansa), wuraren kusoshi da bakin wayar wuta. Shi ya sa har yau allon wani kamfani ke zama daram cikin akwatin wani.

Kayan ciki

Ana fara zaɓe da firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, domin ita ke tsayar da sauran. Kamfanoni biyu ke riƙe da wannan kasuwa, Intel da AMD, kuma kowace firosesa tana da irin gurbin da take zama a kan babban allo, wanda masu gyara ke kira "kart mer". Gurbin AM4 na AMD ya fito a 2016, AM5 ya biyo baya a 2022. Na Intel kuwa LGA1700 ya zo a 2021. Firosesar wani gurbi ba ta shiga wani, ko da kamfaninsu ɗaya. Haka RAM, ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita: nau'in DDR4 da DDR5 duka haƙora 288 gare su, amma tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. AM5 ba ya karɓar komai sai DDR5, allunan LGA1700 kuwa akwai na wannan akwai na wancan, sai an duba kwali.

Wajen ajiya, tsohon faifai mai juyawa ya fi arha ga mai son wuri da yawa, amma SSD, ma'ajin da babu abin da ke juyawa a cikinsa, ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. SSD mai bakin SATA yakan tsaya wajen megabait 550 a daƙiƙa, na NVMe yakan kai 3,500 ko fiye. Katin hoto, wanda ke sarrafa abin da ake gani a gilashi, sai mai wasanni, mai haɗa bidiyo ko mai zanen gine-gine. Ga rubutu da lissafin ofis na cikin firosesa ya isa. Sai dai firosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta da shi, kuma duk wanda ya saye ta babu kati, baƙin gilashi zai gani.

Wuta, zafi da ƙura

Jagororin da ake karantawa a intanet don ƙasashe masu sanyi da tsayayyar wuta aka rubuta su. A Yamai lissafin ya sha bamban. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarkin Nijar, volt 220 ce, kuma kaso mai yawa daga Najeriya take zuwa ta layin Birnin Kebbi. An ga abin da hakan ke nufi a watan Agustan 2023 lokacin da aka katse layin. Ko a lokacin lafiya, ɗaukewar wuta takan yawaita a bazara. Saboda haka akwatin rarraba wuta, "alimantasiyon" a bakin masu gyara, shi ne wurin da bai kamata a yi rowa ba, kodayake a nan ne masu saye suka fi yin ta, tunda ba ya ƙara sauri ko kaɗan. Mai arha idan ya ƙone yakan tafi da allo da faifai. Tambarin 80 Plus na nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kayan, sauran ne ke zama zafi. Wasu tsofaffin na'urorin da aka shigo da su daga Amurka suna da jan makunni a baya mai 115 da 230. Idan aka jona a kan 115, nan take za a ji ƙara da ƙauri. Ondiler, akwatin batirin da ke riƙe na'ura ƴan mintoci bayan an ɗauke wuta, cikin kuɗin kwamfuta ya kamata a lissafa shi tun farko.

A Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40, firosesa kuma idan ta doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu don kare kanta. Ƙurar hunturu na toshe fankoki. Akwati mai faɗi, mai raga a gaba da ake cirewa a wanke, ya fi mai gilashi da fitilu amfani a nan.

Sayen haɗaɗɗiya

Sabuwar na'urar kamfani tana zuwa da garanti guda da manhaja a ciki, shi ya sa ma'aikatu da ƙungiyoyi suka fi son ta. Wanda ya harhaɗa kuwa kowane abu da garantinsa, kuma mayar da allon da aka yo oda daga Dubai ko Sin ba ƙaramin aiki ba ne, balle tun 2023 da rufe iyakar Benin ya sa kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome. Arhar da ake danganta wa harhaɗawa takan narke a kuɗin sufuri da na duwan.

Hanya ta uku ita ta fi yawa: sayen okaziyo, tsofaffin na'urorin ofisoshin Turai irin Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, a ƙara musu RAM da SSD. Suna da ƙwari, amma da yawansu ba su bin ATX, bakin wutarsu nasu ne na kansu, siraran cikinsu kuma ba su ɗaukar babban katin hoto. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin na'ura, da firosesar Intel zubi na 8 zuwa sama ko ta AMD daga Ryzen 2000, don haka sunan firosesar Intel irin "Core i7" kaɗai ba ya nuna komai sai an karanta lambar da ke biye.

Allon rubutun da ke zuwa da na'urorin Faransa mai jerin haruffan AZERTY ne, na Kano da Dubai galibi QWERTY. Babu wanda ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Waɗannan ta manhaja ake ƙara su.