Waiwaye: jiragen ruwan alfarma, an san tsawonsu, ba a san masu su ba

A watan Janairun 2025 Amurka da Najeriya suka rattaba hannu a Abuja kan yarjejeniyar maido da dala miliyan 52.88, kuɗin da ake kira kadarorin Galactica. Sunan na wani jirgin ruwan shaƙatawa ne mai tsawon mita 65, Galactica Star, wanda ɗan kasuwar man fetur Kola Aluko ya saya kan kimanin dala miliyan 80. A 2017 ma'aikatar shari'ar Amurka ta nemi kotu ta ƙwace shi, bisa zargin cewa ribar kwangilolin da aka samu ta hanyar bai wa tsohuwar ministar mai Diezani Alison-Madueke cin hanci ce aka saye shi da ita. Diezani ta musanta zargin. Abin lura shi ne, sai da magana ta kai kotu kafin jama'a su ji dalla-dalla yadda aka mallaki jirgin. Haka wannan harka take tun da ta bunƙasa: ƙirga jiragen ba wuya, gano masu su ne jan aiki.

Asalin abin daga Holan yake. Mutanen can suna da wasu ƙananan jirage masu gudu da suke bin 'yan fashin teku da su, suna kiransu "jacht", wato farauta, daga nan Turanci ya ari sunan "yacht" da ake kiran jiragen shaƙatawa da shi. Da Sarki Charles na Biyu ya koma gadon sarautar Ingila a 1660, sai Holan ta ba shi kyautar guda, mai suna Mary. Shekara na zagayowa ya yi tsere da ƙanensa James a kogin Thames, daga Greenwich zuwa Gravesend da dawowa, a kan fam 100. Abin da sarki ya so, fadawa sun so. A 1720 aka kafa ƙungiyar masu irin waɗannan jirage a Cork ta ƙasar Ailan, a 1815 kuma aka kafa wadda daga baya ta zama Royal Yacht Squadron da ke Cowes ta ƙasar Ingila.

A wancan zamani babu wani ɓoye-ɓoye, domin don a gani ake sayen jirgin. Daga 1878 kamfanin Lloyd's Register na Landan ya riƙa buga kundin jiragen shaƙatawa kowace shekara, da sunan jirgi da girmansa da sunan mai shi. Sarakunan Masar ma ba a bar su a baya ba. A 1865 aka ƙera wa mai mulkin ƙasar, Khedive Isma'il, jirgin El Mahrousa a Landan, shi ne kuma ya kai Sarki Faruk gudun hijira Italiya a 1952. Har yau yana kan ruwa, tsawonsa ya haura mita 145 bayan ƙarin da aka yi masa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hanya ta rabu biyu. A ɓangare guda, an fara zuba jikin kwalekwale da roba mai zaren gilas maimakon sassaƙa katako, farashi ya sauko, ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya iya sayen nasa. Wannan ne ya haifar da manyan alƙaluman da ake gani yau. Amurka na da jiragen shaƙatawa kusan miliyan 12 masu rajista, jihar Florida kaɗai na da kimanin miliyan ɗaya. Ƙungiyar masu ƙera su ta ce kashi 95 cikin 100 ba su kai ƙafa 26 ba, irin waɗanda ake ɗaurawa a bayan mota ne a ja zuwa tafki ranar hutu. Idan kuma aka auna da yawan jama'a, ƙasashen arewacin Turai ne a gaba: Norway mai mutum kusan miliyan biyar da rabi tana da jirage kimanin miliyan ɗaya. Sai dai a yi hattara da jera ƙasashe a ce wannan ta fi waccan. A Amurka jihohi ke yin rajista, kowace da dokarta. A Birtaniya ba dole ba ne a yi wa ƙaramin jirgin da ba ya barin gaɓar ƙasar rajista, don haka ƙiyasi ake yi. Ma'aunin ba ɗaya ba ne.

Ɗaya ɓangaren kuwa na 'yan ƙalilan ne. Attajirin Girka Aristotle Onassis ne ya buɗe fagen a shekarun 1950, da ya sayi tsohon jirgin yaƙin Kanada ya mayar da shi fada mai tsawon mita 99, ya sa masa sunan 'yarsa Christina. Kuɗin man fetur ya zo ya ƙara wa abin wuta. Jirgin Nabila, da aka ƙera wa dillalin makamai ɗan Saudiyya Adnan Khashoggi a 1980, ya bi ta hannun Sarkin Brunei, ya faɗa hannun Donald Trump a 1988, daga bisani Yarima Al-Waleed bin Talal ya saye shi. Sai Azzam mai mita 180, wanda kamfanin Lürssen na Jamus ya kammala a 2013 don Sheikh Khalifa bin Zayed na Abu Dhabi. Duk da wannan suna da suka yi, jiragen da suka haura mita 30 a duniya kimanin 6,000 ne kacal, kuma kusan rabin sababbin manyan da ake ƙerawa a Italiya ake yin su. Sayen ma ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. 'Yan harkar na ƙiyasta cewa albashin matuƙa da mai da gyara da kuɗin tasha na cin kusan kashi goma cikin ɗari na farashin jirgi duk shekara.

A nan ne ƙididdiga ke fara ruɗarwa. Wanda ya bi tutar ƙasar da aka yi wa jirgi rajista zai ɗauka tsibiran Cayman da Marshall da Malta ne suka fi kowa attajirai, alhali rajista kawai ake zuwa yi can saboda sauƙin haraji da rufin asiri. A takarda, mai jirgin wani kamfani ne da ba shi da komai sai suna, shi ma wani kamfanin ke riƙe da shi. Alƙaluman da ke cewa Amurkawa ke da kusan rubu'in manyan jiragen, Rashawa kuma kusan ɗaya cikin goma kafin yaƙin Yukiren, daga kamfanonin da ke bibiyar kasuwar suka fito, ta hanyar dillalai da masu ƙira. Babu wata hukuma da ke riƙe da cikakken jerin.

Takunkumin da aka ƙaƙaba wa attajiran Rasha a 2022 ya gwada wannan a fili. Jamus ta tsare jirgin Dilbar mai mita 156 a Hamburg, amma sai da 'yan sanda suka yi makonni suna bin takardu kafin su ce a hukumance 'yar'uwar Alisher Usmanov ce mai shi. An kama Amadea mai mita 106 a Fiji a watan Mayun shekarar, aka kai shi San Diego. Amurka ta ce na Suleiman Kerimov ne. Sai ga Eduard Khudainatov, tsohon shugaban kamfanin man Rasha Rosneft, ya ce nasa ne, kuma shi ɗin dai ne sunansa ke kan takardun wani jirgin, Scheherazade, da Italiya ta tsare. Yayin da lauyoyi ke kai-komo a kotu, gwamnatin Amurka ta ce kula da Amadea na cin mata fiye da dala miliyan bakwai a shekara, daga aljihun masu biyan haraji, har zuwa 2025 da aka yi gwanjonsa.