Sa wili da taya masu faɗi a ƙaramar mota ba tare da gugar jiki ba

Sa wili mai faɗi shi ne a cire wili da tayar da kamfani ya ƙero mota da su a maye gurbinsu da waɗanda suka fi su faɗi, wani lokaci har da girman inci. Masu ƙananan motoci irin su Golf, Starlet, Civic, Corsa da Peugeot 206 su suka fi yin wannan, wasu don ado ne kawai mota ta cika ido, wasu kuma don ta riƙe kwalta a kwana. Matsalar da aka fi cin karo da ita ita ce guga, wato taya ta riƙa taɓa leɓen madigad ko robar cikinsa ko jikin shokozoba, musamman in an yanke sitiyari har ƙarshe ko an faɗa rami ko an cika bayan mota da mutane. Abubuwa uku ne ke kawo ta, tsayin taya gaba ɗaya, faɗin wili, da kuma inda wilin ya zauna a kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaure wili a jikinsa, kuma na ukun nan shi ne wanda mutane ba su cika dubawa ba alhali shi ya fi ɓata aiki.

Rubutun jikin taya

A gefen kowace taya akwai lamba irin 185/60R14. 185 ɗin faɗin taya ne da milimita, 60 yana nufin tsayin gefenta kashi 60 cikin 100 ne na wannan faɗin, R nau'in saƙar cikinta ne, 14 kuwa girman wili ne da inci. To daga nan ake fitar da tsayin taya gaba ɗaya: kashi 60 na 185 ya ba da milimita 111, a ninka biyu tunda akwai sama akwai ƙasa, 222 kenan, a haɗa da inci 14 wanda yake milimita 355.6, an samu kusan 578. Wannan 578 ɗin ita ce lambar da ake kiyayewa.

A ɗauki Golf 3, wadda Volkswagen ta ƙera daga 1991 zuwa 1997 kuma har yau ta cika tashoshin mota a arewa. Da yawansu da 175/70R13 ko 185/60R14 suka fito, tsayinsu 575 da 578. In aka sa 195/50R15 tsayin 576 ne, ka ga taya ta ƙara faɗi wili ya ƙara inci guda amma tsayin bai motsa ba, shi ya sa wannan sayis ɗin yake zama daram, kamfanin ma ya fitar da wasu da shi. 195/45R16 tana ba da 582, ita ma ba laifi. 205/45R16 ta kai 591, an fara matsowa. 205/40R17 kuwa 596 ce, ta ɗan haura kashi 3 cikin 100, wanda shi ne iyakar da masu harkar taya suka saba ajiyewa. Duk abin da ya wuce nan bayan guga har agogon gudu zai fara yi maka ƙarya, yana nuna 100 kana kan 103 ko fiye, kuma mota ta yi nauyin tashi.

Ofset

Wannan shi ne zuciyar maganar. In ka juya bayan wili za ka ga an zana wani abu kamar 6Jx14 ET45. 6J faɗin wilin ne inci 6, ET kuma, wato ofset, gajarta kalmar Jamusanci ce, ita ke nuna tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne wa hob, da milimita. Ƙa'idar mai sauƙi ce amma tana rikita mutane don a juye take: lamba babba tana tura wili ciki wajen shokozoba, lamba ƙarama tana fito da shi waje wajen madigad. Yawancin ƙananan motoci masu ja da gaba suna tsakanin ET35 da ET50.

Yanzu a ce an cire 6J ET45 za a sa 7J. An ƙara inci ɗaya, milimita 25.4, kuma wannan ƙarin rabuwa yake biyu, 12.7 ciki 12.7 waje. In sabon wilin shi ma ET45 ne to ya matsa wa shokozoba da kusan milimita 13, a wasu motocin wannan kaɗai ya isa ya taɓa. In ET35 ne, duk wilin ya fito waje da milimita 10, saboda haka ta ciki 2.7 kawai ya ci, ta waje kuma ya fito da 22.7, wanda a Golf 3 da ba a sauke ta ƙasa ba galibi yana shiga. Amma in aka samo ET20 don kawai yana da kyau a ido, leɓen wilin ya fito da kusan milimita 38, nan kam taya za ta leƙo waje kuma duk ramin da aka faɗa sai madigad ya yanki kafaɗarta. Shi ya sa za ka ga motoci biyu iri ɗaya, sayis ɗin taya ɗaya, ɗaya tana tafiya shiru ɗaya tana ƙara kwar-kwar a kowane kwana, mai ita yana ta zagin tayar alhali wilin ne.

Akwai kuma dacewar taya da wili. Taya mai faɗin 195 tana son wili daga inci 5.5 zuwa 7. In wilin ya yi mata siriri sai gefenta ya kumburo, in ya yi mata faɗi sai a ja ta ta miƙe, samari na son wannan jan don yana kwantar da kafaɗar taya ta shige ƙarƙashin madigad, amma leɓen wili yana zama a waje ba kariya, a hanyoyinmu ba dabara ba ce ko kaɗan.

Ramukan noti da ramin tsakiya

Kafin ma a zo batun guga sai wilin ya hau. Ramukan noti ana rubuta su kamar 4x100, wato rami 4 a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Golf 2, Golf 3 mai noti huɗu, Starlet, tsohuwar Corolla da Civic da Corsa duk 4x100 ne. Peugeot 206 da 306 da Ford Fiesta 4x108 ne, Golf 4 kuma 5x100. Fiat na da 4x98, wanda da ido ba za ka bambance shi da 4x100 ba, yana hawa in an matsa amma notin a karkace yake zama, haɗari ne.

Ramin tsakiyar wili shi ma faɗinsa da milimita daban-daban ne: Volkswagen 57.1, Honda 56.1, Toyota 54.1, Opel 56.6, Peugeot 65.1, Ford 63.4. Wilin Starlet ba zai hau Golf ba sai an kai wa mai injin ya faɗaɗa ramin, na Golf kuwa zai hau Starlet amma da sako-sako, sai an sa zoben roba ko na alminiyam ya cike gurbin, in ba haka ba sitiyari ya riƙa rawa a babban gudu ko an yi balansin sau nawa. Peugeot da Ford ramukan notinsu ɗaya amma ofset ɗinsu ya yi nisa da juna, na Peugeot ƙarami ne, don haka wilin Fiesta ko an faɗaɗa ramin tsakiyarsa ya hau 206 ciki yake nutsewa. Mazaunin noti ma ana dubawa, akwai mai tsini, akwai mai zagaye irin na Volkswagen da Honda, akwai mai shafaffen wosha. A kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna wilin Beljiyam iri-iri ne a jibge, wanda ya je da waɗannan lambobin a rubuce a takarda ya huta da dogon ciniki, ya juya bayan wili ya karanta kawai.

Inda take guga da yadda ake ganewa

A gaba, taya ta fi taɓa robar cikin madigad in an yanke sitiyari gaba ɗaya, ko ta taɓa kujerar sifirin a jikin shokozoba. A baya kuwa leɓen madigad ne, wannan ƙarfen da aka lanƙwasa ciki. Gwajin da ake yi a garejin mai faci mota ba kowa ciki, a zagaya a dawo a ce ta yi, wannan ba gwaji ba ne. Motar da ake ɗaukar mutum huɗu a baya da buhu biyu a but, shok ɗinta kuma ya gaji, tana iya sauka da santimita da yawa, a nan ne gugar take bayyana. Abin da ya kamata shi ne a shafa alli a kafaɗar taya da leɓen madigad, a zuba mutane a baya, a hau kan tudu a karkace yadda taya ɗaya za ta nutse sosai, a yanke sitiyari hagu da dama har ƙarshe gaba da ribas, sannan a fito a duba inda allin ya goge. Ta ciki kuma a zura hannu tsakanin taya da shokozoba, ana son aƙalla milimita 5, ƙasa da haka taya na lanƙwasawa a kwana ta cinye shi. Alamar tsohuwar guga ita ce wuri mai sheƙi a jikin roba ko ƙarfe, ko wani siririn zane da ya zagaye gefen taya. A duba tiyon birki ma, in taya na cin sa maganar ta wuce ta ƙara.

Gyara

In gugar kaɗan ce a leɓen baya ana naɗe leɓen ya kwanta ciki. Akwai na'urar da ake ɗaurawa a kan hob mai ɗan gare-gare tana bin leɓen a hankali, ana ɗumama fenti da iska mai zafi don kada ya tsage. Fanel bita da yawa guduma suke sawa, tana yi, amma fenti na fashewa tsatsa ta shiga da damina, sai a shafe wurin da abin hana tsatsa. Robar ciki kuma ana ɗumama ta a tura ta baya ko a yanke ɗan wurin da ke taɓawa, cire ta gaba ɗaya yana barin laka da ruwa su sami wayoyi.

In ta ciki take taɓawa ana sa sifesa, farantin ƙarfe tsakanin hob da wili. Sifesa mai milimita 5 daidai yake da rage ET da 5, saboda haka abin da ka samu ciki ka rasa shi waje. Dole notin ya kama sosai, a noti M12, mai kaurin milimita 12, ana son wajen zagaye 7 zuwa 8, in bai kai ba a nemo dogon noti. Jera wosha a madadin sifesa, wanda ana yi, hanya ce ta karya noti a kan titi. Wani lokacin kuma maganin duka sabon shok da sifirin ne, don motar ce ta zauna, tayar ba ta da laifi. Bayan an gama a yi alaimen, a ɗaure noti da ƙarfin da ya dace, a ƙananan motoci wajen Nm 100 zuwa 120 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, a sake dubawa bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Abin da ake biya

Taya mai faɗi tana ƙara riƙo a busasshiyar kwalta, amma tana ƙara shan mai, sitiyari ya yi nauyi musamman a motar da ba ta da fawa, tana bin tsagin hanya, kuma a ruwa kwance ta fi saurin tashi sama. Fito da wili waje da yawa yana gajiyar da boris da bolojoyin. Gefen taya in ya gajarta, 45 ko 40, rami ɗaya na iya fitar mata da ƙulu ko ya lanƙwasa wilin, a ganina inci 15 shi ne daidai ƙaramar mota a hanyar da ke da gargada, 17 ta masu yawo cikin gari ce. A duba lambar ɗaukar nauyi da ke bayan sayis, 82 kilo 475 ne a kowace taya, 84 kilo 500, 80 kuwa kilo 450, kuma wasu tayoyin 195/45R16 80 ne, ƙasa da 82 ɗin da aka saba gani a 185/60R14, mai lodi ya nemi wadda aka rubuta XL, mai ƙarin ƙarfin ɗaukar nauyi. Tayar Beljiyam a karanta lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefenta don sanin lokacin da aka ƙera ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. A Jamus sai wili yana da takardar amincewa da ta ambaci irin motar, ko a kai wa masu binciken lafiyar mota na TÜV su duba, kuma dole madigad ya rufe taya, shi ya sa wilin asali da ke zuwa daga can yawanci lambobinsa a zane suke ɓaro-ɓaro a bayansa.